LIKITA MAI BINCIKE DA NEMAN RIGAKAFIN ƘANJAMAU

GABATARWA

Bahuli ɗaya ce daga cikin mazaɓun Ƙaramar Hukumar Mubi ta Arewa a Jihar Adamawa, a ƙasar da ke gindin duwatsun Mandara, ba nisa da iyakar Nijeriya da Kamaru. A can, kamar a ko'ina cikin ƙasar nan, idan ranar rigakafi ta zo uwa ta kan goya ɗanta ta kai shi ɗakin shan magani. Ma'aikacin lafiya ya buɗe akwatin sanyi, ya ɗauko 'yar kwalba, ya yi wa yaron allura. Kafin minti biyu an gama, uwa ta kama hanyar gida.

Abin da sau da yawa ba a tunawa shi ne, wannan 'yar kwalba ta yi shekaru tana tafe kafin ta iso Bahuli. Sai da wani ya gano ƙwayar da ke kawo cutar, wani ya haɗa rigakafin, waɗansu dubban mutane suka yarda aka gwada shi a jikinsu, sa'an nan hukuma ta ba da izinin a yi wa jama'a. Wannan darasi zai yi bayanin mutumin da ke tsakiyar wannan dogon aiki, watau likita mai bincike. Zai kuma bayyana dalilin da ya sa har yanzu, bayan fiye da shekara 40 ana nema, ba a sami allurar rigakafin ƙanjamau ba, da abin da ya kamata jama'a su yi kafin a samu.

WANE NE LIKITA MAI BINCIKE?

Likitan asibiti ya kan duba majiyyaci, ya gane ciwonsa, ya ba shi maganin da aka riga aka sani. Likita mai bincike shi ma ya yi wannan karatu, amma ya ƙara da wani. Idan ya ga ciwon da littafi bai faɗa ba, ko maganin da aka saba da shi ya ƙi ci, sai ya ɗebi jini ya nufi ɗakin gwaje-gwaje. Ya kan bi sawun cuta gida gida, ya ƙidaya waɗanda suka kamu, ya tambayi inda suka kwana da ruwan da suka sha. Daga nan ya rubuta abin da ya gano, ya miƙa wa sauran masana su tantance. Idan suka sami kuskure, dole ya koma ya sake.

Mutanen ƙasar Mubi ba baƙin wannan aiki ba ne. Arewa da Mubi, a kwarin kogin Yedzaram, akwai garin Lassa, wanda yanzu ke cikin Jihar Borno. A watan Janairu na 1969 wata ma'aikaciyar jinya ta asibitin mishan na garin, mai suna Laura Wine, ta kamu da wani zazzaɓi da ba a san irinsa ba. Aka kai ta Jos, ta rasu a can. Ma'aikaciyar da ta yi jinyarta ita ma ta kamu ta rasu. Ta uku, Penny Pinneo, aka ɗauke ta zuwa Amurka, ta warke. A Jami'ar Yale aka gano ƙwayar cutar, kuma Dakta Jordi Casals, wanda ya jagoranci aikin, shi kansa ya kamu, da ƙyar ya sha. A 1970 Dakta Jeanette Troup ta yanke a hannu tana binciken gawar wanda cutar ta kashe a Jos, ita ma ta rasu. Sai a 1972, a ƙasar Saliyo, aka tabbatar cewa wani irin ɓera ne ke ɗauke da ƙwayar. Duk gargaɗin da ake yi yau na a rufe hatsi da abinci daga ɓeraye, daga wannan wahala ya samo asali.

DAGA KANO ZUWA YABA

Cikin 'yan Nijeriya da suka ba da rayuwarsu ga irin wannan aiki akwai Farfesa Abdulsalami Nasidi, mutumin Jihar Kano. Ya yi karatun likita a tsohuwar Tarayyar Sobiyet, ya kuma yi digirin zurfafa bincike a can kan ƙwayoyin cuta na bairus, watau waɗanda ƙanƙantarsu ta kai madubin likita na yau da kullum ba ya iya nuna su. Da ya dawo gida ya yi aiki a Cibiyar Binciken Lafiya ta Ƙasa da ke Yaba, a Legas, daga baya aka ba shi shugabancin ɗakin haɗa alluran rigakafi na Gwamnatin Tarayya, nan Yaba ɗin.

Wannan ɗaki yana da tarihi. A nan ne aka yi shekaru ana haɗa maganin lamba, wanda ya taimaka aka kawar da agana. Dattawa da yawa har yau suna ɗauke da tabon lamba a dantsensu. An ga mai agana na ƙarshe a Nijeriya a 1970, kuma a 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da sanarwar cewa cutar ta ƙare a duniya baki ɗaya. Har ila yau a Yaba aka riƙa haɗa rigakafin zazzaɓin shawara da na haukan kare. An rufe ɗakin a 1991 da niyyar a gyara shi, amma bai koma aikinsa na da ba.

A 1986 annobar zazzaɓin shawara ta ɓarke a ƙasar Oju, cikin Jihar Binuwai, a 1987 kuma ta faɗa wa garuruwan Jihar Oyo. Nasidi ya shiga fagen tare da waɗansu masana, cikinsu har da Oyewale Tomori da Thomas Monath. Rahoton da suka fitar a 1989 ya nuna cewa a cikin gari, sauron da ke hayayyafa a randuna da tulunan ajiye ruwa na cikin gida shi ne ke yaɗa cutar. Wannan sani ya nuna wa ma'aikatan tsabta inda za su sa ƙarfinsu.

Akwai wani aiki da ya biyo baya wanda ya fi nuna halin mai bincike. A lokacin da ake yi wa jama'a allura cikin gaggawa, an yi wa waɗansu mata masu juna biyu. Tambaya ta taso: shin allurar za ta cuci abin da ke cikinsu? Ba a amsa da zato ba. Nasidi da abokan aikinsa suka bi mata kimanin 100 da 'ya'yansu har shekara 4. Sakamakon da aka buga a 1993 bai nuna wani lahani ga yaran ba, amma ya nuna cewa jikin mai juna biyu ba ya karɓar allurar da ƙarfi kamar na sauran mutane. An yi aikin shekara 4 domin amsa tambaya ɗaya tak, amma amsar ta amfani likitoci har a wajen Nijeriya.

SHIGOWAR ƘANJAMAU

A watan Yuni na 1981 likitoci a Amurka suka ba da labarin waɗansu samari da garkuwar jikinsu ta rushe ba tare da an san dalili ba. A 1983 masana a Cibiyar Pasteur ta birnin Faris, Françoise Barré-Sinoussi da Luc Montagnier, suka gano ƙwayar da ke jawo haka, wadda daga baya aka sa wa suna HIV.

A Nijeriya, an gano cutar karo na farko a Legas a 1985, a jikin wata yarinya 'yar shekara 13. Nasidi da Tekena Harry da abokan aikinsu suka kai rahoton gaban taron duniya kan cutar a 1986. A wancan lokaci mutane da yawa sun ƙi yarda, suna cewa ciwon Turawa ne, ba ya kama baƙar fata. Ba abu ne mai daɗi ba mutum ya faɗa wa al'ummarsa abin da ba ta son ji, amma hakkin mai bincike ke nan.

Ƙidaya ta gaskata su. Gwajin da aka riƙa yi wa mata masu zuwa awon ciki ya nuna kashi 1.8 cikin 100 suna ɗauke da ƙwayar a 1991. Kafin 2001 adadin ya kai kashi 5.8. A 2002 Gwamnatin Tarayya ta fara ba da magungunan danne ƙwayar a cibiyoyi 25, daga 2006 kuma aka mai da su kyauta. Babban binciken gida gida da aka yi a 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 49, an kuma ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 1.9 ne ke ɗauke da ƙwayar a duk faɗin ƙasar. An sami sauƙi, amma cutar tana nan.

YADDA RIGAKAFI KE AIKI

Domin a gane wuyar aikin, sai a ɗauki jikin mutum tamkar birni mai ganuwa, da dakarunsa da masu tsaron ƙofa. Idan maƙiyi ya shigo karo na farko, dakaru su kan ɗauki kwanaki kafin su gane shi, kafin nan ya yi ɓarna. Idan birnin ya tsira, ba su ƙara manta fuskarsa. Shi ya sa wanda ya yi ƙyanda sau ɗaya ba ya sake yi. Allurar rigakafi dabara ce ta nuna wa dakarun kamannin maƙiyi tun bai zo ba. A kan yi amfani da ƙwayar da aka kashe, ko wadda aka raunana, ko wani ɗan yanki na rigarta. Ran da ta gaske ta zo, sai ta tarar ana jiran ta.

Wannan dabara ta ci a kan agana, da ƙyanda, da shan inna, da shawara. A kan ƙwayar ƙanjamau kuwa ta ci tura, saboda dalilai biyar:

1. Ƙwayar tana sake kama da sauri ƙwarai. Duk sa'ad da ta hayayyafa sai 'ya'yanta su ɗan bambanta da ita. A jikin mutum ɗaya ma a kan sami iri-iri masu yawa. Ɓarawo ne wanda kullum da rigar da ya ke fitowa da ita.

2. Tana fara yaƙinta da kan shugabannin dakarun jiki, watau ƙwayoyin jini da likitoci ke kira CD4. Waɗanda ya kamata su ba da umurnin a kama ta, su ta ke fara kashewa.

3. Cikin 'yan kwanaki da shigarta ta kan cusa asalinta cikin ƙwayoyin halittar mutum, ta yi lamo. Da zarar ta yi haka, fitar da ita ya zama abu mai wuyar gaske. Ke nan dole rigakafin ya tare ta tun a bakin ƙofa.

4. Ta lulluɓe rigarta da wani irin sukari mai kama da na jikin mutum, don haka dakaru ba su ganin wurin da za su kama.

5. A sauran cututtuka, masana su kan dubi wanda ya warke su kwaikwayi abin da jikinsa ya yi. A ƙanjamau ba a saba ganin jiki ya kori ƙwayar da kansa ba, saboda haka babu gwanin da za a kwaikwaya.

Akwai kuma bambancin ƙasa da ƙasa. Irin ƙwayar da ta fi yawa a Amurka da Turai ana kiran ta B, ta kudancin Afirka kuma C. Farfesa Alash'le Abimiku, wadda ta yi karatunta na farko a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ta nuna a farkon shekarun 1990 cewa akwai irin da ake kira G a Nijeriya. Yau an san cewa G da wata gaurayen A da G su ne suka fi yawa a ƙasar nan. Ma'anar wannan ita ce, rigakafin da aka auna da ƙwayar wata ƙasa ba lalle ne ya dace da mutumin Bahuli ba, sai an gwada. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa Nijeriya ke bukatar masu bincike nata na kanta. Farfesa Abimiku tana cikin waɗanda suka kafa Cibiyar Nazarin Bairus ta Nijeriya a 2004.

GWAJE-GWAJEN DA AKA YI

Ba a yi wa jama'a sabuwar allura sai ta haye matakai. Da fari a ɗakin gwaji, sa'an nan a jikin dabbobi. Daga nan a gwada ta a kan mutane 'yan kaɗan masu lafiya, don a ga ko tana da lahani. Idan ta wuce, a gwada a kan ɗaruruwa. A mataki na ƙarshe a kan tara dubbai, a raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Kashi ɗaya a yi musu allurar gaske, ɗaya kashin a yi musu wadda babu magani cikinta. Mai karɓa da mai yin allurar duk ba su san wace ce wace ba, don kada son zuciya ya shiga. A kan koya wa kowa hanyoyin kare kansa, kuma ba a sa wa kowa ƙwayar cutar. Bayan shekaru sai a buɗe littafi a ƙidaya: a wane kashi aka fi kamuwa?

A 1984 Sakatariyar Lafiya ta Amurka ta yi fatan cewa cikin shekara 2 za a sami rigakafin da za a fara gwadawa. Ga abin da ya faru a zahiri:

A 2003 aka kammala manyan gwaje-gwaje na farko a Amurka da Turai da Tailan. Allurar ba ta kare kowa ba.

A 2007 aka tsai da wani gwaji tun bai ƙare ba, domin allurar ba ta yi amfani ba, har ma an ga alamar ta ƙara wa waɗansu haɗarin kamuwa.

A 2009 gwajin da aka yi a Tailan da mutum fiye da 16,000 ya nuna raguwar kamuwa da kimanin kashi 31 cikin 100. Wannan ne kaɗai ya taɓa nuna kariya, amma ba ta kai a yi wa jama'a ba.

A 2020 aka tsai da gwajin Afirka ta Kudu, inda aka gyara allurar Tailan ta dace da irin ƙwayar C, aka gwada ta a kan mutum fiye da 5,000. Ba ta yi aiki ba.

A 2021 da 2023 waɗansu manyan gwaje-gwaje uku, biyu daga cikinsu a Afirka, su ma suka ƙare ba nasara.

Mai karatu zai iya cewa an yi asarar kuɗi da lokaci. Sai dai kowane gwaji ya toshe wata hanya da ba ta ɓullewa, ya rage wa na baya wahala. An kuma gano cewa waɗansu mutane ƙalilan, bayan sun yi shekaru da ƙwayar, jikinsu ya kan ƙera wani makami mai iya kama iri-irinta da yawa. Aikin da ake yi yanzu shi ne a koya wa jiki ƙera wannan makami mataki mataki, da allurai daban-daban bi da bi. An fara ƙananan gwaje-gwajen wannan dabara a Amurka da Ruwanda da Afirka ta Kudu a 2022.

Daɗin daɗawa, ilimin da aka tara bai tsaya ga ƙanjamau ba. Dabaru da cibiyoyin gwaji da aka gina dominta sun taimaka aka sami rigakafin korona cikin shekara ɗaya a 2020. Kuma wata ƙungiyar duniya da aka kafa musamman don neman rigakafin ƙanjamau ita ce ta fara gwajin mataki na biyu na rigakafin zazzaɓin Lassa a Abuja a 2024. Watau guzurin da aka yi domin wata tafiya, ga shi yana amfani a kan cutar da aka fara gani a maƙwabtan Mubi.

AMANA ITA CE JARIN MAI BINCIKE

Duk gwajin da aka ambata ya dogara ne ga mutanen da suka miƙa hannunsu da yardarsu. Idan yarda ta karye, bincike ya tsaya. Arewacin Nijeriya ya ga haka da idonsa.

A 1996 annobar sanƙarau ta kama mutum fiye da 100,000 a ƙasar nan, ta kashe fiye da 11,000. Ana cikin wannan hali kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a Asibitin Zana na Kano, a cikin yara 200. Rabinsu aka ba su sabon maganin, rabi aka ba su wani da aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu, waɗansu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a bayyana musu cewa gwaji ake yi ba. Gwamnatin Tarayya ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Dakta Nasidi, wanda ya kammala rahotonsa a 2001, ya ce an yi gwajin ba bisa ƙa'ida ba. Kamfanin ya musanta laifi, ya ce cutar ce ta kashe yaran. A 2009 aka sasanta da Gwamnatin Jihar Kano a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba.

Tabon wannan al'amari bai tsaya nan ba. Yana cikin abubuwan da aka riƙa ambata sa'ad da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano da waɗansu jihohi a 2003. Kafin Kano ta koma yi a watan Yuli na 2004 cutar ta sake bazuwa, ta ƙetara zuwa ƙasashe da dama da suka riga suka rabu da ita, yara masu yawa suka shanye. Sai da sarakuna da malamai da ma'aikatan lafiya suka yi shekaru suna aiki tare kafin a dawo da yardar jama'a. A ranar 25 ga Agusta, 2020, aka tabbatar cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali.

Tun 2007 Nijeriya tana da ƙa'idojin binciken lafiya na ƙasa, da kwamitin da ke sa ido a kansu. Duk wanda aka gayyata shiga wani bincike yana da waɗannan hakkoki: a yi masa bayani da harshen da ya ke ji, a faɗa masa amfani da haɗarin abin, a ba shi lokaci ya yi shawara da iyalinsa, ya ƙi idan ya ga dama, ba tare da an hana shi magani ba, ya fita duk ran da ya so, a kuma rufa masa asiri. Yaro kuwa sai da yardar iyayensa.

AMFANIN DA AKA GANI A GIDA

Manoman Adamawa da Gwambe da Taraba sun san kububuwa, wadda saranta ke hana jini daskarewa. Nasidi yana cikin jagororin haɗin gwiwar da ta samar da maganin dafi mai suna EchiTAb. An kama macizan Nijeriya aka kai Liverpool ta Ingila aka tatsi dafinsu, aka haɗa maganin a Birtaniya da ƙasar Kosta Rika. Sa'an nan aka gwada iri biyu a kan majiyyata 400 a asibitin Kaltungo, tare da masana irin su Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero ta Kano, aka buga sakamakon a 2010.

A 2011 aka kafa Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Ƙasa, wadda aka fi sani da NCDC, Nasidi ne shugabanta na farko har zuwa 2016. A zamaninsa, ranar 20 ga Yuli, 2014, wani matafiyi daga Laberiya ya sauka Legas da cutar Ebola. Dakta Ameyo Adadevoh ta hana shi barin asibiti, ta kamu, ta rasu. Ma'aikata suka bi sawun mutum kusan 900 da suka yi hulɗa da masu cutar, suna duba su kullum har kwana 21. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, kuma ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Nijeriya ta rabu da cutar. Irin wannan aiki na ƙidaya da bin sawu shi aka yi sa'ad da amai da gudawa suka ɓarke a Mubi a watan Mayu na 2018.

ABIN DA KE HANNU YAU

Wajibi ne kowa ya riƙe wannan: har yanzu babu allurar rigakafin ƙanjamau, babu kuma maganin da ake sayarwa mai warkar da ita. An sha samun masu da'awar sun gano, a asibiti ko a kasuwa ko a rediyo. Mutane sun sayar da gonaki da shanu, sun bar maganin asibiti, sun hallaka. Tambaya ɗaya ta isa a yi wa mai irin wannan da'awa: a kan mutum nawa aka gwada, wa ya ƙidaya, kuma wace hukuma ta tabbatar? Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Amma hannun likita ba wofi ya ke ba. Wanda ke shan maganin danne ƙwayar kullum bisa ƙa'ida zai iya yin tsawon rai da lafiya, ya yi noma, ya yi aure. Idan ƙwayar ta kwanta har gwaji ba ya ganin ta, ba ya sa wa abokin zamansa ta hanyar saduwa. Mai juna biyu da ke shan magani za ta iya haihuwar ɗa lafiyayye. Akwai kuma magungunan kariya ga wanda ba shi da ƙwayar amma yana cikin haɗari. A 2024 gwajin wata allura mai suna lenacapavir, wadda ake yi sau biyu a shekara, ya nuna cewa cikin mata fiye da 2,000 da aka yi wa a Afirka ta Kudu da Yuganda babu ko ɗaya da ta kamu a lokacin gwajin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar amfani da ita a 2025. Sai a lura, magani ne da ke zama cikin jiki na wata 6, ba ya koya wa jiki kome. Idan aka daina, kariya ta ƙare. Saboda haka neman rigakafi na ainihi yana nan ana yi.

HANYAR ZAMA LIKITA MAI BINCIKE

Yaro ko yarinya daga Bahuli, ko Garko, ko Illela, zai iya bin wannan hanya. Tushenta shi ne a riƙe lissafi da darussan kimiyya tun daga sakandare. Karatun likita shekara 6 ne, a jami'o'i irin su na Zariya, da Maiduguri, da Kano, da Sakkwato, da Jos. Daga nan shekara ɗaya ta horo a asibiti, ɗaya ta bautar ƙasa, sa'an nan waɗansu shekaru na ƙwarewa da koyon bincike. Wanda bai sami gurbin likita ba kada ya karaya, domin bincike yana bukatar masanin ƙwayoyin cuta, da mai gwajin jini, da mai haɗa magunguna, da ma'aikaciyar jinya, da gwanin ƙididdiga. Hanya ce mai tsawo, kuma mai bin ta zai ga faɗuwa fiye da nasara. Sannu ba ta hana zuwa.

ABIN DA AKE BUKATA DAGA JAMA'A

1. Kowa ya je a gwada jininsa ya san matsayinsa, musamman kafin aure da lokacin awon ciki.

2. Wanda aka samu da ƙwayar ya fara shan magani nan da nan, kada ya tsallake ko ya daina.

3. Wanzamai da ungozomai da masu yankan farce su yi amfani da sabuwar reza ga kowane mutum, ko su dafa kayan aikinsu. Kada a yarda da allurar da aka yi wa wani, ko ƙarin jinin da ba a gwada ba.

4. Kada a ƙyamaci mai ɗauke da ƙwayar. Ba a ɗaukar ta ta hanyar musafaha, ko cin abinci a kwano ɗaya, ko cizon sauro. Ƙyama ita ke sa mutane ɓuya, ɓuya kuwa ita ke yaɗa cuta.

5. A kai yara su karɓi dukan alluran rigakafin da ake da su, a kuma adana katinsu.

6. Idan aka ga ciwon da ba a saba gani ba, ko mutane da yawa suka kwanta lokaci ɗaya, a sanar da mai unguwa da ma'aikacin lafiya mafi kusa ba tare da jinkiri ba. Daga irin wannan rahoto bincike ke farawa.

7. Idan masu bincike suka zo gari, a tambaye su takardar izini, a saurari bayaninsu, a yi musu tambayoyi. Wanda ya gamsu ya shiga, wanda bai gamsu ba ya bari.

TAMBAYOYI DON NAZARI

1. Mene ne bambanci tsakanin likitan asibiti da likita mai bincike?

2. Kawo dalilai uku da suka sa rigakafin ƙanjamau ya yi wuyar samuwa.

3. Don me ake raba masu shiga gwaji gida biyu ta hanyar ƙuri'a?

4. Waɗanne hakkoki ne mutum ke da su idan aka gayyace shi shiga bincike?

5. Idan wani ya zo kasuwar garinku yana tallar maganin warkar da ƙanjamau, wace tambaya ya kamata a yi masa, kuma wa za a sanar?